Kafin ka ce giyar mashin ɗinka ta mutu

Gyaran babur ne sana'ata, ina da ɗan gareji a nan cikin Kano ni da yarana, Boxer da Jincheng da Lifan da roba-roba su muke taɓawa kullum. Tun da aka hana acaɓa a 2013 aikin namu ya canza, abokan sana'a da yawa sun koma gyaran Adaidaita Sahu, mu da muka tsaya kan mai ƙafa biyu yanzu masu zuwa mana ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, ga kuma waɗanda suka ajiye mota bayan cire tallafin mai a 2023. Ɗan acaɓa ya san kukan mashin ɗinsa, su kuwa waɗannan bayin Allah da sun ji wani abu sai ka ji "Oga giyata ta mutu, a sauke inji", kuma wallahi mafi yawan lokaci giyar lafiyarta ƙalau, abin da ke damunsa a ƙofar gida ma zai iya gyara shi da sifana ɗaya.

Fara da wayar kuloci. Hannun kuloci dole ya zama yana da ɗan wasa kafin ka ji ya fara ja, kamar milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun. In an ɗaure wayar tamau ba wasa, kulocin ba ya kamawa gaba ɗaya, kana ba shi wuta inji na ihu amma tafiya babu, an fi ganewa in ka ɗauko mutum ka hau gadar sama ta Ƙofar Nassarawa. In kuma wayar ta yi sako-sako da yawa to ba ya saki, ka matse hannu amma mashin na jan ka gaba, giya ta yi tauri tana shiga da ƙara, firi kuma ya ƙi samuwa sai ka kashe inji. Duka biyun notin da ke jikin wayar ne maganinsu. Ka duba ko silin wayar ya fara tsinkewa, ƙurar hunturu tana busar da ita, ɗiga mata mai. Roba-roba ba ta da hannun kuloci amma ita ma tana da sukurun saiti a murfin inji na dama, shi ake fara dubawa.

Sai baƙin mai, nan ne abin ke min ciwo. Kulocin mashinan nan a cikin man inji yake wanka, man da ke shafa fistan shi ke shafa faifan kuloci da haƙoran giya. Mutum ya sayi mashin da kuɗi mai yawa amma ya je ya zuba na awo a kwalba wanda bai san asalinsa ba, ko ragowar na mota, alhali wani man motar akwai sinadarin ƙara santsi a ciki da ke sa faifai zamewa. Nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikin robar, yawancinsu 20W-50 suke sha. Ranar juye ka tara tsohon a kwano mai tsabta ka kai shi rana, in ka ga yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe ko yana warin ƙuna, akwai magana a ciki.

Ga gwajin da nake nuna wa kowa: tayar da inji, riƙe birki sosai, sa giyar sama, saki kuloci a hankali. Inji ya kamata ya mutu nan take. In ya ci gaba da kuka, kuma ka riga ka saita waya, faifai sun cinye. Mai ɗan hannu zai iya canzawa a gida, a juye mai, a cire murfin dama, a kwance notin sifirin kaɗan-kaɗan ana tsallakawa kar a kwance ɗaya gaba ɗaya a bar saura. Sababbin faifan a jiƙa su cikin mai kafin a sa, na ƙarfen kuma a ɗora kan gilashi, wanda ya lanƙwashe ko ya yi shuɗi don zafi a jefar. Dan Allah a sa sabon fakin, wato shimfiɗar da ke tsakanin murfi da inji mai hana yoyon mai, kar a cika gam, guntunsa yana toshe hanyar mai. Kuma masu cusa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashin sifirin don ya ƙara ƙarfi, kwana nawa zai yi, sifirin ɗin nawa yake?

Wani abin ma ba cikin inji yake ba. Cen da ya saki ko sifaket da haƙoransa suka zama ƙugiya suna sa mashin fizga kamar giya ce ke tsalle. Ƙafar giya kuma in notinta ya saki tana cinye haƙoran sandar da take zaune a kai, sai a ruga wajen mai walda a like su, ranar da za a buɗe inji sai an yanke.

Inda nake cewa mutum ya tsaya shi ne in giya ɗaya tak ke fita da kanta, yawanci ta biyu, ko kana jin gurnani a giya ɗaya ban da sauran. Wannan haƙoran da ke sarƙe giyoyin ne suka cinye ko cokalin da ke tura su ya lanƙwashe, yawanci daga taka giya da ƙarfi ba kuloci, kuma sai an raba inji biyu. A ciki akwai 'yan wasa sirara da kilif da kowanne ke da wajen zamansa, ni ko yarona sai ya daɗe yana kallo kafin in bar shi, kuma a kan farin buhu yake jera su yadda suka fito. An sha kawo mana inji a cikin bokiti an kwance a gida, wasa ɗaya ta ɓata a yashi, aikin yini ya koma na sati.

In kaya za ka saya a Sabon Gari ka tafi da tsohon a hannu ka gwada, don faifan wani mashin suna kama da na wani amma kunnuwansu ba ɗaya ba ne, kuma ka tambayi mai shago ƙarara wanne ne mai kyau wanne ne na biyu kafin ku yi ciniki.