Kukan La'asar a Gangare

Asabar, Jos.

Yau ba ni da aiki a asibiti, na ci burin rama barcin da aikin dare ya cinye mini, amma ina! Da hantsi ƙanwata ta kira, murya a dishe, wai yaron nan ya hana kowa runtsawa, in zo in duba ko wani abu ke damunsa. Na ci ɗumame a tsaitsaye, na ɗora rigar sanyi a kan wata, don hunturun bana bai zo da wasa ba, na hau keke daga Anguwan Rogo zuwa Gangare.

Kwanan nan aka mayar da ita ɗakinta daga wankan gida. A gidanmu ga Umma, ga ƙannenmu, ga maƙwabta masu shigowa barka, kafin yaro ya buɗe baki an ɗauke shi. A nan kuwa ɗaki da falo ne. Maigidan tun asuba yake fita kasuwar gwari ta Farin Gada, sai bayan magariba. Mai taya ta reno ita ce ƙanwar mijin, yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka kawo bayan arba'in.

Na tuɓe yaron na duba shi tsaf. Babu zazzaɓi, cibiya ta warke, ciki a sake, yana kama nono da ƙarfi, yana jiƙa nafkin yadda ya kamata. Na ce mata lafiyarsa ƙalau. Kallon da ta yi mini ya nuna ba haka ta so ji ba, ta fi son in ambaci wata cuta mai magani. Sai na zaunar da ita na yi mata bayani. Kukan jariri yakan fara ƙaruwa tun yana da kamar mako 2, ya kai ƙololuwa tsakanin mako 6 zuwa 8, sannan ya riƙa sauka zuwa wata 3 ko 4. Ya fi tsananta daga la'asar zuwa dare, kuma wani lokaci duk abin da aka yi ba ya tsayawa. Likitan yara Ronald Barr na Kanada ya daɗe yana bincike a kan wannan, shi ne ma ya jagoranci shirin da ake koya wa iyaye cewa kukan mataki ne na girma, yana wucewa.

Abin da ya tsaya mini a rai ina cikin yi mata bayanin shi ne lissafin. Kwana 40 mako 6 ne ba kwana biyu. Wato daidai lokacin da kukan ke kai maƙura, a lokacin ne muke tattara mai jego mu fitar da ita daga cikin hannaye goma mu kai ta inda babu kowa. Muna yi mata gara, muna yi mata lalle da kitso, mu raka ta da guɗa, amma ba mai ce mata makonni masu zuwa su ne mafiya wuya.

Bayan la'asar ta shiga wanka, ni kuma ina kicin ina haɗa musu gwaten acca. Yaron ya soma. Yarinyar ta goya shi, ta sauke, ta zaga da shi, ina jin takunta. Can sai na ji muryarta ta canza: "Ka yi shiru mana! Wai me aka yi maka?" Na fito da ludayi a hannu. Ta riƙo shi ta hammata, ta ɗaga shi daidai fuskarta, kansa ya riga ya tafi baya. Ban daka mata tsawa ba, don kada firgita ta sa ta sake shi. Na ce, "Ba ni shi," na tallafe ƙeyarsa na karɓa.

Nan take ta fashe da kuka. "Wallahi Anti ban dake shi ba."

Na yarda ba ta dake shi ba. Ai nan gizo ke saƙar. Mutane da yawa, manya ma, suna ganin wanda ya girgiza yaro ya yi haƙuri ne tunda bai ɗaga hannu ba, alhali girgizar na iya yin ɓarnar da mari ba zai yi ba. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, wuyan kuma bai yi ƙwarin riƙe shi ba. Ƙwaƙwalwar tana da taushi sosai. In aka riƙe shi aka girgiza da ƙarfi, kan zai riƙa wurgawa gaba da baya, ƙwaƙwalwa na bugun ƙoƙon kai daga ciki, kamar kindirmon da aka rufe a kwano aka kaɗa. Siraran jijiyoyin jini da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ta lulluɓe ta sai su tsinke, jini ya taru ya danne ta. Bayan ido ma jini na zuba. Ƙwaƙwalwar ta kumbura, numfashi yana iya tsayawa, in kuwa iska ta yanke mata sai ɓarnar ta ninku. Duk wannan a cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa ba tabo ko ɗaya a fata.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1971 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Ingila, Norman Guthkelch, ya rubuta cewa jariran da ake kawo masa da taruwar jini a ka ba tare da alamar duka ba, girgiza su aka yi. A 1972 da 1974 John Caffey a Amurka ya faɗaɗa bayanin. Alƙaluman da hukumomin lafiya na Amurka ke bayarwa sun ce kusan ɗaya cikin huɗu na jariran da aka yi wa wannan rauni suna mutuwa. Yawancin waɗanda suka rayu suna tashi da larura: makanta, kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓoɓi, ko rashin iya ɗaukar karatu. 'Yan ƙasa da shekara ɗaya ne suka fi shiga haɗarin, kuma abin da ya fi jawo shi shi ne kukan da ya ƙi tsayawa.

A wajenmu in yaro ya kwana lafiya ya wayi gari jiki a sake, ido a kafe, yana taune-taune, me ake cewa? Iska ce, ko baki, ko an ɗora wa wata tsohuwa a unguwa. A ɗauki kwanaki ana hayaƙi da shafe-shafe kafin a nufi asibiti. In an zo ɗin ma, wanda ya san abin da ya faru ba zai faɗa ba, don tsoro, sai likita ya yi ta neman sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro.

Da ƙanwata ta fito na gaya mata abin da na gani, ban ƙara ban rage ba. Ta yi kan yarinyar, na tare ta. Na tambayi yarinyar a hankali ko ta taɓa yin haka a baya, ta rantse ba ta taɓa ba. Yaron ya kama nono, idonsa tar, yana bin fuskar uwarsa da kallo, maɗigarsa a kwance. Duk da haka ban yarda da idona kaɗai ba, tunda jinina ne. Muka naɗe shi a bargo muka kai shi wani asibiti da ke kusa. Likitan ya saurare mu, ya duba, ya ce bai ga abin tsoro ba, amma a sa masa ido daren nan. In ya ƙi nono, ko ya riƙa amai, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya canza, ko ya sanƙare, ko maɗiga ta kumbura, kada a jira gari ya waye, a wuce da shi asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, kuma a faɗa musu gaskiyar abin da ya faru.

Mun dawo mun tarar da Hajiya, uwar mijin, labari ya kai mata. Ta riga ta yi wa yarinyar wankin babban bargo. Na gaishe ta na zauna. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, amma laifin ba nata ba ne ita kaɗai. 'Yar shekara goma sha biyu aka bar wa kukan da uwa ma ke kasa jurewa." Sai na faɗi abin da muke koya wa iyaye: a duba yunwa, a duba nafkin, a duba zafi ko sanyi, a sa shi ya yi gyatsa, a goya, a zaga. In an yi duka bai yi shiru ba, kuma mai riƙon ta ji zuciyarta ta fara tafasa, ta kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ba filo ba tarkace, ta fita tsakar gida kamar minti 10, ta sha ruwa, ta yi alwala, ta kira wani, sannan ta dawo ta leƙa shi.

A nan muka saɓa. Hajiya ta ce ita tara ta haifa, ba ta taɓa ajiye ɗa yana kuka ta juya masa baya ba, wannan renon Turawa ne. Na ce, "Gaskiya ne Hajiya, amma a gidan da kika yi renon, mata nawa ne a tsakar gida?" Ta yi shiru, ta ƙirga da yatsu, ta yi dariya ta ce ban da 'yan mata su shida ne. To ita ba ta ajiye ba ne don akwai wanda za ta miƙa wa. Wadda ke ɗaki da falo ita kaɗai, shimfiɗa ce abokiyar miƙawarta. Ni a ganina kunyar da muke ɗora wa uwa in an ji ɗanta na kuka ta katanga tana cikin abin da ke sa a matse yaro a hannu har a wuce gona da iri.

Ta tambaye ni goyo fa, da rarrashin da ake yi a cinya ana waƙa? Na ce waɗannan ba komai, haka ma gargadar hanya a keke in an tallafe kai. Cilla yaro sama a cafe ne ba na so, ko don faɗuwa. Na ƙara da wanda na fi gani a wurin aiki: yaro ya suma ko ya shiɗe, a ɗauke shi a yi ta girgizawa wai don ya farfaɗo. Ba ya farfaɗo da kowa, asibiti ake gudu.

Maigidan ya shigo bayan magariba da ledar tumatir da kabeji. Shi ma ban ƙyale shi ba, don binciken da aka yi a ƙasashen waje ya nuna maza ne suka fi yawa cikin masu aikata wannan, ga ƙarfin hannu ga ƙarancin sabo da kuka. Ya ce, "Yaya, ni fa ko ɗaukarsa tsoro nake ji." Na ce ya koya, na nuna masa yadda zai kwantar da shi a ƙirji, tafin hannu a ƙeya. Ya yi, a sandare kamar mai jiran hukunci, amma ya yi.

Kafin in fito mun raba aiki. Yarinyar ba za a ƙara barin ta ita kaɗai da shi a lokacin kuka ba, nata wanke-wanke ne da aike. Hajiya har yanzu ba ta yarda da maganar ajiye yaro yana kuka ba, amma ta ce za ta riƙa zuwa daga la'asar zuwa isha har ya cika wata huɗu, maigidan ya karɓa in ya dawo, uwar ta samu ta runtsa. Ranar Litinin za su je rigakafin mako 6 da suka makara, na gargaɗe su cewa ranar kukan zai iya ƙaruwa. Na kira da ƙarfe goma, ya sha nono sau biyu bai yi amai ba. Gobe ina aikin safe, daga can zan biya ta Gangare.