Salansa Biyu a Ƙarƙashin Tsohuwar Jims

Ina shekarata ta biyu a garejin kawuna a Sana'iyyar Jidda wani dattijo mai dakon shinkafa zuwa Makka ya kawo tsohuwar GMC ɗinsa ƙirar 1994. A nan Jims ake ce mata, salansa kuma shakman. Tasa ta ruɓe, don iskar Jidda mai gishiri ba ta ƙyale ƙarfe ya tsufa da mutuncinsa. Ɗansa ne ya hure masa kunne a saka mata guda biyu.

Kawu ya ce aikina ne. Injin V8 ne mai lita 5.7, silinda huɗu a kowane gefe, saboda haka kowane gefe zai samu bututunsa. Na ɗauko mai inci 3, don shi ne ke cika ido.

"Mayar da shi," in ji Kawu. "Biyu da rabi."

Sai da muka zauna shan shayi ya ba ni dalili. Idan bututu ya cika faɗi, hayaƙi kan rage gudu a cikinsa, motar ta yi nauyin tashi, alhali wannan da kaya take tashi kullum. Shi ne kuma ya sa na haɗa bututun biyu da wani gajere a tsakiya, kamar harafin H, don numfashin gefen biyu ya daidaita, ƙarar ta yi laushi. Tankin mai yana gefen direba, layukan mai da na birki ma ta nan suka bi, dole na karkato da duka biyun ta dama. Na cire batir, na ɗiga walda, na duba, sannan na ƙone ta sosai. Wallahi aikin ya yi kyau, har hoto na ɗauka.

Kwana uku sai ga Alhaji.

"Ɗana, motar nan ta koyi kiɗan kalangu. In babu kaya shiru, da na loda sai ta fara."

Na shiga ƙarƙashi da tocila. Daidai inda bututun ya haura gadar baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, cikinsa ya loɓa, wurin yana ƙyalli kamar sabon kwano. Nan take na gane abin da na yi. A kan lif na auna, tayoyi na reto, gada ta sauka iyakar saukarta, sai na ga fili har tafin hannu. Da buhuna suka danne sifirin, filin nan ya tafi, kowane rami a hanya sai ƙarfe ya daki ƙarfe.

Kawu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi a tura motar kan ramin da muke shiga mu duba ƙarƙashin mota, a mayar da buhunan da aka sauke, yaran gareji uku su hau baya su yi ta tsalle. Ni ina ƙasa da alli, ina kallon gadar tana hawa tana sauka, ina zana iyakarta. Na yanke, na ƙara wa lanƙwasar tsayi, na canza robobin rataya guda biyu da na ɗaure tamau, don bututu in ya yi zafi miƙewa yake, yana son wurin motsi. Kuɗin sabon ƙarfen daga albashina ya fita.

Da muka tayar da ita, ɗan Alhaji ya ɓata rai, wai ba irin rurin da yake so ba ke nan. Alhaji ya karɓi makulli ya ce, "Ni zan kai ta fahas hukuma ta gwada lafiyarta, ba kai ba."