Wata huɗu ina zuwa aiki a kan tsohon Fonis: inda gyara ya kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon gyaran keke da hawansa zuwa wurin aiki. Yau wata huɗu cif da na fara fita a keke, shi ne na ce bari in rubuta muku inda aka kwana, tun da yawancinmu tare muke lalube.

Abin da ya kai ni ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin adaidaita sahu ya bi ta bai waiwayo ba. Acaɓa kuwa tun 2013 aka hana shi ɗaukar fasinja a cikin Kano. Ina zaune a Rijiyar Zaki, aikina kusa da Gidan Murtala, tafiyar kilomita 10 ko kusa da haka. Na daɗe ina cijewa, sai a watan Yulin bana na shiga zauren gidanmu na janyo keken marigayi mahaifina, baƙin Fonis ɗin nan na Shanghai mai birkin sanda, wanda ya shekara da shekaru a jingine.

Wasu sun ce in sayi na gwanjo mai giya. Ban ƙi ta tasu ba, amma hanyata shimfiɗaɗɗiya ce, daga titin Gwarzo zuwa Kabuga, a miƙe ta Gadon Ƙaya da Ɗan'agundi. Babu tudun da zai sa in nemi giya. Kayan gyaran Fonis da Rali kuma ko'ina akwai su, kowane mai gyara a bakin titi ya san cikinsu. Har masana'antar haɗa Rali an yi a garin nan, saboda haka irin wannan keke ba baƙo ba ne a wurinmu.

Makon farko kwancewa da wanki kawai na yi. A unguwarmu akwai wani dattijo mai gyara da muke kira Baba, shi ya yarda in riƙa zama a rumfarsa ranar Asabar ina aiki da hannuna yana dubawa. Da na kwance cibiyar wilin baya, tsohon giris ya daskare kamar ƙaro. Ya miƙo mini farantin silba ya ce, “Juye boris ɗin a nan, ɗana, ka ƙirga kafin ka wanke. Wanda bai ƙirga ba, ƙasa ce za ta ƙirga masa.” Tara-tara na samu a baya, goma-goma ƙanana a gaba. Na wanke da kananzir, na canza waɗanda suka yi tabo, na cika sabon giris. Inda na sha wuya shi ne ɗaurewa. In ka matse, wili ya riƙa gurza. In ka sassauta, ya riƙa kaɗawa gefe da gefe. Sau biyar ina kwancewa ina mayarwa kafin hannuna ya gane tsakiyar. Alamarta ita ce ka ɗaga keken ka saki wilin, nauyin bawul kaɗai ya juyo da shi ƙasa, in ka girgiza kuma ka ji shiru.

Ga mai shirin kwance feda: ta hagu zarenta a juye yake. Yadda ake ɗaure ta dama, haka ake kwance ta hagu. Sifana mai lamba 15 ake sa mata.

Kuskurena na farko mai cin kuɗi a kan taya na yi shi. Na je kasuwa na ce a ba ni 28, aka ba ni, na dawo muka yi ta fama ta ƙi hawa. Baba ya karɓa ya juya gefenta ya nuna mini wasu ƙananan lambobi: 622. Ya nuna mini tsohuwar: 635. Ashe taya iri biyu ce ake kira 28. Ta Fonis da Rali ita ce 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635. Ɗayar, wadda ke zuwa a kan kekunan gwanjo na Turai, 622 ce. Bambancin milimita 13 ne kacal, amma ko za ka kwana kana turawa ba za ta shiga ba. Masu keke mai lamba 26 na hawan tudu, naku 559 ne. Ku rubuta lambar a takarda kafin ku tafi kasuwa, ko ku tafi da tsohuwar tayar a hannu.

Daga nan sai faci ya sa ni gaba. Sau uku cikin mako biyu, biyu daga ciki a hanyar zuwa aiki, har na makara na ji nauyin haɗa ido da shugabana. Na ɗora laifin a kan ƙusoshin titi. Da na kai wa Baba tub ɗin, bai ma taɓa tayar ba. Ya hura iska, ya tsoma a bokitin ruwa, ya bi kumfar da yatsa, sannan ya ce, “Duk hujin nan ta ciki suke. Ba titi ba ne, wilinka ne ke cin tub ɗinka.” Muka leƙa, robar da ke rufe kawunan wayoyin wili ta ruɓe ta zube, wayoyi biyu sun leƙo kamar allura. Ya goge su da zarto, ya yanko tsiri daga tsohon tub ya naɗe cikin wilin. Tun ranar na koyi karanta huji. In ta bayan tub yake, ƙaya ce ko ƙusa ko kwalba, sai ka shafa cikin tayar a hankali ka cire abin, in ba haka ba zai sake hudawa. In ta ciki yake, wili ne. In kuwa huji biyu ne a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan ka faɗa rami, bakin wili ya datse tub. Mai bin hanyar ƙasa ya kula da tsidau, musamman yanzu da ciyawa ta bushe.

Wurin yin facin ma gaggawa ce ke ɓata mana aiki. Ka kankare wurin da sanfefa, ka shafa sholisho siriri, ka bar shi minti biyar har ya daina sheƙi, sannan ka ɗora faci ka danne sosai. Da ina ɗorawa yana ɗanye, shi ya sa yake ɗagowa da rana ta yi zafi. Wani abin kuma: bawul ɗin irin wannan keke akwai 'yar siririyar roba a cikinsa, zafi yana tsattsaga ta, iska ta riƙa sulalewa ba tare da huji ba. Kafin ka kwance wili, ɗiga yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, robar ce. Yanzu ba na rabuwa da guda uku a cikin kwalin ashana, tare da famfo da faci da sholisho da sifana biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne birki. Wata safiya a Agusta ruwa ya kama ni dab da Kabuga. Wani mai adaidaita ya tsaya a gabana ba sigina don ya ɗauki fasinja, na damƙe birki biyu, keken ya ci gaba da tafiya kamar ban taɓa komai ba. Ƙafa na sa a ƙasa, Allah ya kiyaye, gwiwa kawai na kurje. Na tsaya a gefen titi jikina yana rawa. Wilin ƙarfe in ya jiƙe santsi yake yi, sai ya zaga sau da yawa roba ta share ruwan kafin ta kama. Ga shi robobin nawa tsofaffi ne, sun yi tauri kamar katako. Na canza su duka huɗu a ranar. Wurin sakawa ku lura, gidan robar gefe ɗaya a toshe yake, ɗaya a buɗe. Toshasshen shi ke kallon wajen da bakin wili ke nufa in keke na tafiya, don in aka juya shi, jan wili zai iya zare robar ta fita. Yanzu in ana ruwa tun daga nesa nake ɗan taɓa birki in busar da wili, kuma na bar bin bayan adaidaita kusa-kusa. A ganina duk mai ɗan kuɗi kaɗan ya fara da birki da taya kafin fenti da ado. Na ga waɗanda suka sa fitilu kala-kala da rediyo a kan keke, robar birkinsu kuwa ta cinye har ƙarfe.

Batun isa ofis da mutunci shi ma sai da na koya. Makonnin farko jaka nake goyawa, in isa bayana sharkaf. Da na ɗaure kariya da sababbin notuna na ɗora mata kwandon roba, matsalar ta ragu sosai. Kaftani da hula ina naɗe su a leda in sa a kwando, in hau da riga mara nauyi, in na isa in yi alwala in canza. Ranar da na hau da kaftani, gefensa ya kusa shiga wilin baya, ban sake ba. Ƙafar wando ta dama ina ɗaure ta da roba ko da akwai murfin kaca. Marfin taya na gaba da na baya kuwa kada wanda ya cire don keke ya yi kyau, su suka tsare ni daga taɓon damina.

Sirdi na ɗaga shi da kusan yatsa uku. Da gwiwata ciwo take duk yamma. Awon da aka nuna mini: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. In ka koma taka ta da gaban ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, daidai ke nan. Amma a jikin sandar sirdi akwai layin da ba a wuce shi wurin ɗagawa.

Dinamon mahaifina har yanzu yana aiki, mai bolt 6 da wat 3, kuma na bar shi don ina son ƙararsa. Sai dai da ka tsaya wuta ta ɗauke, a danja kuwa nan ne ka fi bukatar a gan ka. Na ƙara jar fitila mai caji a baya da fara a gaba, da riga mai ƙyalli don ranar da magariba ta riske ni. Hular kwano na saya bayan abin da ya faru a Kabuga. Gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya ba na shiga cikinsu, ta gefe nake bi, ko da zai ƙara mini minti biyu. Tafiyar yanzu minti 40 zuwa 45 take ci, kuma na san lokacin isata tun kafin in fita.

Ga hunturu ya kawo kai, ƙura ta fara. Na daina zuba wa kaca baƙin mai, don yashi yake kamawa ya zama kamar dutsen niƙa. Yanzu ina wanke ta da kananzir, in ɗiga sabon mai ɗigo-ɗigo a kowace gaɓa, in goge na waje da tsumma. Na auna ta da rula: cikakkun gaɓoɓi 12 ya kamata su ba da inci 12 daidai, tawa ta zarce da kusan ɗaya bisa takwas na inci, wato ta gama aiki. Baba ya ce in na canza ta in haɗa da ɗan haƙorin baya, don tsohon zai riƙa tsallakar da sabuwa.

Abin da ya rage mini shi ne miƙe wili. Na bayan yana ɗan rangaji, yana shafar birki a wuri ɗaya. Na gwada sau ɗaya na ƙara karkatar da shi, don na yi ta juya waya ɗaya maimakon in raba wa maƙwabtanta, kowacce kwatar juyi. Baba ya ajiye mini wani tsohon wili da alli, ya ce Asabar mai zuwa a kansa zan fara, ba zan taɓa nawa ba sai na miƙe wancan.