Ranar da Abba ya ƙi karɓar wayar Hajiya

Abin ya daɗe da faruwa, amma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Ranar 2 ga Janairun 2024 ce, a gidan da muke haya a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada. Na dawo daga aikin dare na tarar ɗana Abba ya riga kowa tashi, ya yi sallar asuba, ya zauna gaban talabijin cikin jar rigar nan mai ganyen tutar Kanada a ƙirji. Matasan Kanada 'yan ƙasa da shekara 20 ne ke karawa da na Jamhuriyar Cek a gasar hokin ƙanƙara ta duniya, a birnin Gothenburg na Suwidin, kuma duk wanda aka doke a ranar sai ya tattara ya koma gida. Cek ta fara jefa biyu, Kanada ta farke duka biyun. Ana cikin mintunan ƙarshe sai wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, mahaifiyata, daga Zariya, ta idar da la'asar ta sa ƙanwata ta kira mata ni ta bidiyo.

Muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi maman yara. Sai ta ce, "Ina maigidana? Ba ni shi mu gaisa." Sunan mahaifinmu yaron ya ci, kowa ya san matsayinsa a wurinta. Na miƙa masa wayar. Ko juyowa bai yi ba. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya ce da Turanci a dakata, sai an jima. Fuskar wayar tana kallonsa, don haka Hajiya ta ga hannun nan da idonta. Ƙanwata kuma tana jin Turanci, na ga ta sunkuyar da kai. Hajiya ta ce, "Me ya ce?" Na ce, "Yana zuwa, Hajiya." Ta ce, "A'a, ƙyale shi, kar a katse masa abin da yake yi."

Ba mu ajiye waya ba, saura daƙiƙa 11 a tashi, wani ɗan Cek ya buga faifan robar da ake wasan da shi a madadin ƙwallo, ya goci sandar ɗan bayan Kanada ya faɗa raga. 3 da 2. Abba ya fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba tun yana jinjiri. Hajiya ta zabura ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa ya rasu?" Da wane baki zan gaya wa tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya biyu cewa jikanta yana kuka ne saboda wasu yaran Turawa sun sha kashi a wasan zamiya? Na ce ba kowa, wasa ne. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya kyauta, ta ce ƙanwata ta kashe.

Ban dake shi ba. A nan ba a yi, kuma ko ana yi hannuna ba zai ɗagu ba, domin na san inda wutar nan ta samo asali. Maƙwabcinmu wani dattijo ne ɗan fansho wanda duk hunturu yake malala ruwa a bayan gidansa ya daskare, yaran layi su taru su yi wasa. Shi ya fara ɗaura wa Abba takalmin ƙanƙara, tsohon na jikansa, kuma a bakinsa yaron ya sha tarihin ƙungiyar matasan Kanada. A ƙasar nan, daga 26 ga Disamba zuwa farkon Janairu, gidaje da dama ba su da wata hira sai ta gasar matasan. Mutane suna hutu, waje ba ya fituwa, sai a taru a falo tun daga kaka har jika.

Ni ma yanzu na haddace da yawa, don kullum a kunnena ake yi. An fara gasar a hukumance a 1977, kuma Tarayyar Sobiyet ce ta kwashe kofuna huɗu na farko a jere. A lokacin Kanada kan tura kulob guda ne da 'yan ƙari ya wakilce ta. Sai a 1982 suka sauya tsari, suka tsamo zaratan yara daga ko'ina a ƙasar, suka ci zinarensu na farko a wani ƙaramin fili a Rochester ta jihar Minnesota. Da aka zo taken ƙasa ba a saka shi ba, sai yaran suka jeru suka rera da bakinsu. Dattijon nan in ya zo nan a labarin muryarsa kan canza. Akwai kuma 1987 a Piestany ta tsohuwar Cekoslobakiya, inda 'yan Kanada da 'yan Sobiyet suka kaure da dambe, har na benci suka zubo fili, alƙalan wasa suka kasa raba su, aka kashe fitilun filin ko za su daina, daga bisani aka kori ƙasashen biyu, Finlan ta ɗauki zinare. Bayan nan Kanada ta ci biyar a jere daga 1993 zuwa 1997, ta sake cin biyar daga 2005 zuwa 2009. A nan Winnipeg aka yi wasan ƙarshe na 1999, Rasha ta doke su a ƙarin lokaci, kuma maƙwabcina bai huce ba har yau. Zuwa 2023, da suka ci a Halifax lokacin da Connor Bedard yake tashe, zinarensu ya kai 20, babu ƙasar da ta kai su.

Abba zai iya gaya maka cewa a 2009 a Ottawa Jordan Eberle ya farke wa Kanada ci a kan Rasha saura daƙiƙa 5 da 'yan kai. Zai gaya maka yadda a 2011 a Buffalo Kanada tana gaba da 3 da nema, Rasha ta zura biyar a zango na ƙarshe. Duk wannan kafin a haife shi aka yi. Amma ka ce ya jero maka sunayen baffanninsa da gwaggonninsa, sai ya tsaya a na uku yana kallon uwarsa. Wannan ne ke cin raina, ba wasan ba.

Kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da nake alfahari har in ji hawaye. Ranar da ya shigo da gudu yana cewa, "Baba, ka san Jarome Iginla ɗan Najeriya ne?" Mahaifinsa Bayerabe ne, shi kuma a Edmonton aka haife shi. A gasar matasa ta 1996 shi aka zaɓa gwarzon 'yan gaba, suka ɗauki zinare, daga baya ya yi shekaru yana kyaftin ɗin Calgary Flames, kuma shi ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ci wa Kanada zinaren Olamfik a 2010. Muka ci gaba da bincike tare, sai ga sunan Rumun Ndur, mutum na farko haifaffen Najeriya da ya buga babbar gasar ƙwararrun hoki ta Kanada da Amurka, wato NHL, kuma a Zariya aka haife shi a 1975. Zariyarmu. Abba ya kai wannan labari makaranta washegari, ya gaya wa duk ajinsu cewa garinsu ma ya fitar da ɗan hoki. Ranar ce na fara jin ya ce "garinmu" yana nufin can. Na kira Yaya na ba shi labari cike da murna, ya ce to, madalla, ya karatun Alƙur'aninsa?

In na kai shi filin unguwa ranar Asabar da duku-duku, na kan zauna a bencin sama da hannuwana cikin aljihu. Kayan wasan duk na gwanjo muka saya, kwalkwali da safar hannu da abin kare kafaɗa da gwiwa, sandar ce kawai sabuwa, kuma duk da haka sai da na ƙara kwanakin aiki. Ina kallonsa yana yanka ƙanƙara da gudu, yana juyawa da baya ba tare da ya duba ba, shi kaɗai baƙar fata a cikinsu, babu tsoro ko kaɗan a jikinsa. In ya ci, iyayen da ke gefena kan juyo su yi mini murmushi, wani ya bugi kafaɗata. Mutanen kirki ne, ban taɓa ganin wulaƙanci daga gare su ba. Amma kowa riƙe da kofin shayinsa, suna hirar koci wane da filin wane da suka yi wasa suna yara, ni kuwa ba ni da abin sa baki. In ya ci ƙwallo ba ni da wanda zan juya in gaya wa da Hausa. Sai in ɗauki bidiyo in tura zauren WhatsApp na gida, inda a lokacin rana ta take, kowa yana harkar gabansa. Wani lokaci ƙanwata ce kaɗai ke amsawa.

Marigayi Baba mutum ne mai son ƙwallo. Ina ƙarami sosai a 1985 da Golden Eaglets suka doke Jamus ta Yamma 2 da nema a Sin suka ɗauki kofin duniya na farko na yara, amma na tuna ya ɗaga ni sama a ƙofar gida. Na 1989 kuwa ina tune da shi sarai, a Dammam ta Saudiyya, Sobiyet ta ci Flying Eagles huɗu ba ko ɗaya, suka farke duka huɗun suka yi nasara a bugun fenareti. Mutanen layinmu sun cika zaurenmu ranar. Ana tsakiyar farkewar nan aka aiko daga cikin gida cewa Inna, mahaifiyarsa, tana kira. Baba ya miƙe ya sa takalminsa ya shiga, bai ce a dakata ba, bai tambayi ko lafiya ba. Sai da ya dawo aka ba shi labarin abin da ya wuce. Ban taɓa jin ya yi mita a kai ba. Yaron da ya ci sunan wannan mutumin ne ya ɗaga wa Hajiya hannu.

Washegari na zaunar da shi, uwarsa ta koya masa abin da zai faɗa, muka kira. Ya durƙusa a gaban waya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan ƙara ba," da Hausarsa mai tsalle-tsalle. Ta ce ba komai, Allah ya yi masa albarka, ya raya shi. Na san ta yafe har zuciya. Sai dai tun daga ranar in ta kira, ƙanwarsa take fara nema, kuma takan tambaye ni, "Yana da sarari kuwa?" kafin ta ce a ba shi. Uwata tana neman izini kafin ta gaisa da jikanta. Duk sanda na ji tambayar nan sai in rasa inda zan sa kaina.

Labari kuwa bai tsaya a ɗakin Hajiya ba. Kafin mako ya zagayo ya kai Tudun Wada, ya kai Samaru, ya kai Kaduna wurin Gwaggo. Kamar yadda aka saba, a kan matata aka sauke laifin, wai ba ta yi musu Hausa a gida, wai ta sakar wa yara talabijin. Matar da ke tashi kafin asuba ta dafa abinci, ta tafi aikin kula da tsofaffi, ta dawo ta zauna da su kan Izu ɗaya har dare. Ta ji abin da ake faɗa, ba ta ce uffan ba, amma na gan ta tana share hawaye a kicin. Yaya ya turo dogon saƙon murya, ya ce shawara ɗaya ce, in kawo yaron gida ya yi shekara biyu a hannunsa, ya shiga Islamiyya da sa'o'insa, ya san dangi. Ya ce tun ran gini tun ran zane. Ban ce maganarsa ba ta kan hanya ba. Amma shi bai taɓa ganin fuskar yaron nan a kan ƙanƙara ba, kuma 'ya'yansa shida suna kwana a gabansa kullum.

Da aka dawo gasar a Ottawa, Latbiya ta doke Kanada a zagayen rukuni, abin da ya girgiza ƙasar, sannan ranar 2 ga Janairun 2025 Cek ɗin nan ta sake fitar da su 4 da 3 a minti na ƙarshe. Abba bai yi kuka ba a wannan karon. Ya kashe talabijin ya tambaye ni ƙarfe nawa a Zariya. Na ce dare ya raba, Hajiya tana barci. Ya ce in tashe shi da safe ya gaishe ta, kuma na tashe shi.

Idon Hajiya na hagu ya yi yana, likita ya ce sai an yi aiki. Rufin ɗakinta na zuba tun daminar bara, Yaya ya ce kwano ya yi tsada, a jira. Ga auren autarmu an sa bayan babbar salla, kuma kowa ya san daga ina ake jiran kuɗin kayan ɗaki. Su a can gani suke dala a ƙasa ake tsinta, ni kuma ba zan iya buɗe baki in ce musu haya da kuɗin wuta da na mota sun cinye albashi kafin ya shigo ba, balle in ambaci kuɗin rajistar hoki. Na lissafa tikitin mutum huɗu daga nan zuwa Abuja, na ajiye takardar, na sake ɗauka. Hajiya ta haura saba'in da biyar, kuma ƙaramar ba ta taɓa ganin ta ido da ido ba.

Na tura wa Yaya saƙo cewa in Allah ya yarda zan kawo su gaba ɗaya a hutun Yuli da Agusta, su yi damina a gida, Abba ya kwana a ɗakin Hajiya, ya bi yaransa Islamiyya duk tsawon hutun. Na kuma gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa da shi zan dawo. Ya saurari saƙon tun ranar, bai ba ni amsa ba. Ƙanwata ta ce ya kai maganar gaban Kawu, za su zauna bayan Juma'a, kuma ta ce in fara turo kuɗin aikin idon kafin a shiga batun tafiya.