Ƙaramin akwatin kallon bidiyo a talabijin: abin dubawa kafin a saya

Tun da kamfanin Google ya fitar da Chromecast a shekarar 2013 a kan dala 35, ƙananan na'urorin da ake jona wa talabijin ta ramin HDMI suka zama abin da talaka zai iya mallaka, kuma Amazon ya biyo baya da Fire TV Stick a 2014. Sai dai an ƙera waɗannan ne domin gidajen da intanet ba ta yankewa, alhali da yawa daga cikinmu wajen masu tura fina-finai muke zuwa a cika mana filas. Saboda haka, a ganina, akwatin Android mai ramin USB ya fi dacewa da mu, ko da kuwa sunan kamfaninsa bai shahara ba.

Kada tambarin 4K, wato alamar hoto mai tsananin kyau, da aka buga a jikin kwali ya ruɗi mai saye. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne ko na'urar tana buɗe bidiyon H.265, wato tsarin da ke matse fim zuwa kusan rabin girman na tsohon tsarin H.264 ba tare da hoton ya dusashe ba. Akwatin da ba ya iya ɗaukarsa sai hoto ya riƙa sarƙewa, murya ta riga motsin baki, kallon ya fita daga rai.

Filas ɗin ma yana da nasa sharaɗin, domin FAT32, ɗaya daga cikin tsare-tsaren adana fayil a filas, ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, kuma fim mai ingancin 1080p yakan zarce hakan, don haka sai a mayar da filas ɗin zuwa tsarin exFAT ko NTFS, a kuma gwada a shago kafin a biya kuɗi.