Talata biyu babu ƙwaya

Ni tela ce a Unguwar Rogo, nan Jos, kuma shekara shida ke nan da likita ya raɗa wa ciwon hannuna suna. Kafin nan sanyi muke ce masa. Na sha saiwa, na shafa man zafi, har ƙaho an yi mini a kafaɗa. Da asuba yatsuna su sandare, sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kusan awa guda kafin in iya riƙe almakashi. Gwajin jini ne ya nuna amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa gaɓɓansa. Aka ɗora ni a kan metotireksat, 'yan ƙananan ƙwayoyi 6 masu miligiram 2.5, sau ɗaya a mako, ranar Talata bayan isha'i. Ranar Juma'a in sha folik asid, kullum da safe kuma firednisolon miligiram 5. Yara suka laƙaba wa na farkon suna maganin Talata.

Magani ya karɓe ni, na koma kan keke. Abin da ban riƙe da kyau ba shi ne yadda yake aikin: garkuwar yake dannewa don ta bar gaɓɓaina su huta, kuma garkuwar da aka danne ba ta iya tare baƙin cuta yadda ta saba.

A wani Janairu na ga hakan da idona. Wanda ya zauna a Jos ya san hunturunta, ruwan randa kamar ƙanƙara, leɓe ya tsage, kowa da majina. Jikana ya dawo daga Islamiyya da zazzaɓi da tari, kwana uku ya warware ya koma ƙwallo. Ni kuwa da murar ta kama ni sai ta kayar da ni a yini ɗaya. Rawar ɗari, ciwon kai, jiki kamar an yi mini duka da taɓarya. Na aiki yaro kemis, ya dawo da Septrin a 'yar leda, kamar yadda aka saba ba mai tari. Allah ya sa 'yata da ke karatun jinya tana gida. Ta karɓe ledar daga hannuna tun kafin in ɓare.

"Umma, wannan da maganin Talata ba sa haɗuwa. Ko kusa."

Daga baya likita ya tabbatar mini. Su biyun hanya ɗaya suke tarewa a jiki, idan suka haɗu suna iya hana ɓargo yin jini, kuma abin yana kai wa ga rasa rai. Ga shi kuma maganin ba ya taɓa ƙwayar mura ko kaɗan, don ita bairos ce. A rana ta shida numfashi ya fara yi mini wuya. Ciwo ya sauka huhu, aka ba ni gado kwana takwas da robar iska a hanci, aka dakatar da maganin Talata har na warke. Ɗinkin biki biyu na mayar wa masu shi.

Da na koma ganin likitan gaɓɓai, yana duba takarduna ya ce, "Hajiya, an taɓa yi miki allurar mura?"

Dariya na yi. "Likita, mura ma har da allura?"

Ya ce laifin harshenmu ne, suna ɗaya muka ba abu biyu. Akwai murar atishawa da yoyon hanci, wadda ke wucewa da shayin citta. Akwai kuma infuluwenza, mai kayar da mutum kwance da zazzaɓi, dangin annobar 1918 da ta zagaye duniya har ta iso ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar ciwon numfashi. Tsofaffi, masu ciki, ƙananan yara da irinmu masu raunin garkuwa ta fi yi wa illa.

Nan na faɗi abin da ke raina. Mutumin da aka ce garkuwarsa a danne take, yaya za a ɗauko cuta a tsira masa da gangan? Ya jawo takarda ya ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ya rubuta "mai rai", ɗaya gefen "marar rai". Allurar mura da ake yi a dantse, in ji shi, an kashe ƙwayar da ke cikinta, ɓurɓushinta kawai ake nuna wa jiki don ya gane fuskarta, ba ta da halin haddasa mura. Ta sanƙarau da ta ciwon huhu ma gefen nan suke. A ɗaya gefen ya jera ta shawara, ta ƙyanda, ta tarin fuka da ake wa jarirai, da ɗigon foliyo na baki. Waɗannan ƙwayar tana raye, raunana ta aka yi, kuma mai shan irin maganina ba ya karɓarsu sai likitansa ya auna. Ya ƙara da cewa akwai rigakafin mura na feshi a hanci da ake wa yara a Ingila da Amurka, shi ma mai rai ne, in wani ya zo mini da shi tsaraba kada in yarda. Na tambaye shi batun katin shawara, don ina da niyyar Umara. Ya ce in nemo tsohon katina, tun 2016 ƙa'idar duniya ta koma cewa allurar shawara guda ɗaya ta isa har abada. Na same shi a ƙasan akwati, cikin takardun makarantar yara.

Samun allurar ya fi fahimtarta wuya. Ba ta cikin jerin rigakafin da ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Wuri uku na je, a na uku wata ma'aikaciya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mama, rigakafin yara muke yi a nan." Ɗana da ke aiki a Abuja ne ya samo ta a wani babban shagon magani a Wuse, ya ce zai ba direba ya kawo mini. Likita ya hana. Ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafi yana lalata ta, daskarewa ma haka, kuma ba a gane lalatacciya da ido. Kwalbar da ta yi awa biyar a aljihun mota ba mai iya tabbatar da ingancinta. Don haka a watan Nuwamba, kafin sanyi ya kankama, na shiga mota muka gangara Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, sai Abuja.

Mai shagon ya burge ni. Ya buɗe firij a gabana, da ma'aunin sanyi manne a ciki, ya nuna mini lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki da shekarar da aka haɗa ta dominta. Wannan na ƙarshen yana da dalili: ƙwayar tana sauya kama, shi ya sa ake sake haɗin kowace shekara, ta bara ba ta wadatar da bana. Ya tambaye ni ko ina zazzaɓi a ranar, ko ƙwai yana tayar mini da borin jini, ko wata allura ta taɓa ba ni matsala, da magungunan da nake sha. Na miƙa dantsen hagu, tunda da dama nake yanka. Kafin in gama bisimilla an gama. Ya zaunar da ni minti 15, na biya abin da ya kai kuɗin ɗinkin atamfa uku, muka tafi. Dantsen ya yi tsami kwana biyu, na ɗan ji kasala, farasitamol ya wadatar.

Ɓarnar da ta biyo baya ni na yi ta da hannuna.

Likita ya yi mini bayani tun kafin in tafi cewa metotireksat yana rage amsawar da jiki ke yi wa allurar. Wasu likitoci a Koriya ta Kudu sun gwada, a binciken da suka fitar a 2018: cikin waɗanda suka dakata da maganin mako biyu bayan allura, kusan uku cikin huɗu sun sami kariya mai gamsarwa, waɗanda suka ci gaba da sha kuwa kaɗan suka haura rabi, kuma ciwon gaɓɓai bai tashi wa masu dakatawar fiye da kima ba. A 2022 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta sa shawarar a ƙa'idojinta, da sharaɗin ciwon yana kwance. Abin da ya ce mini shi ne, "Bayan allura ki tsallake Talata biyu." Abin da kunnena ya kai wa zuciyata shi ne, ki huta da magani mako biyu. Wanda ya shekara uku yana haɗiyar ƙwaya kullum zai gane daɗin da na ji. Na tattara su duka, har da firednisolon, na jefa a durowar keke tare da zare da maɓallai.

Kwana biyun farko lafiya lau. A na huɗu na tashi zan yi alwala jiri ya ɗebe ni, na dafa bango. Tashin zuciya, gwiwoyi kamar ba nawa ba, yatsu sun fara kumbura har zoben azurfata ya ƙi fita. Zuciyata ta tafi kai tsaye kan allurar. Maƙwabciyata ta shigo ta same ni kwance ta ce, "Ai na faɗa miki, Maman yara, waɗannan alluran na Turawa ba a shiga musu." Na kusa yarda da ita. 'Yata ce ta buga waya daga makaranta ta tambaye ni me na sha da safe, na ce ba komai, ai hutu nake. Shirun da ta yi ya fi faɗa.

Da muka samu likita a waya bai ɓoye ɓacin ransa ba. Akwai wasu 'yan ƙulli a saman ƙoda da ke samar da sinadarin da firednisolon ke kwaikwayo. Idan mutum ya daɗe yana shan ƙwayar sai su yi barci, tunda ana kawo musu daga waje. Ka yanke rana ɗaya, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki, hawan jini ya faɗi, wani har suma yake yi. Shi ya sa a hankali ake rage ta, kuma ba a dakatar da ita saboda allurar mura. Na koma kanta a ranar, ya ce in amai ya hana ta zama a kai ni asibiti ba jira. Kwana biyu na miƙe. Da na je wurinsa ya karɓi katina ya rubuta da jan biro sunan maganin da za a tsallake, da ranakun Talata biyun, da ranar komawa. Ya ce shi ma ya ɗauki darasi, ba zai ƙara faɗar irin wannan da baki kawai ba. Na ji daɗin wannan maganar, don a ganina rabin laifin nasa ne, ko da yake ban faɗa masa ba.

Shekarar da ta biyo baya abin ya zo daban. Nuwamba ta same ni hannu a kumbure, ga ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara ya taru. Na ɗauka za a ɗage allurar. Ya ce a'a, a yi ta, kuma kada in tsallake ko Talata ɗaya, don dakatawar ta mai ciwo a kwance ce. Kariyar da ta ragu kaɗan ta fi babu. A wannan karon a nan Jos na same ta, wani shagon magani mai sola ya yi mini oda, na tsaya a kan sai na ga firij ɗin da idona.

Na yi mura bayan allurar, har sau biyu, kuma maƙwabciyata ba ta bar ni na manta ba. Ta atishawa ce, ta kwana huɗu, ina kan keke da hankici a cinya. Allurar ba ta hana wannan, ba a ma yi ta don ita ba. Ita kanta infuluwenzar ba ta toshe mata ƙofa ɗari bisa ɗari, tana rage yiwuwar kamuwa ne da yiwuwar a kai ga gadon asibiti, kuma sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta fara aiki. Hunturu biyu ke nan ban kwana a asibiti ba. Yanzu a jakata akwai 'yar takarda da sunayen magungunana uku, a ƙasa an rubuta "banda Septrin", kuma duk wanda zai ba ni ƙwaya ko ya tsira mini allura sai ya karanta ta tukuna, ko mai kemis ne ko babban likita.

Saura maigida. Likita ya ce yana da kyau mutanen gida su ma su yi, tunda daga hancinsu abin ke isowa gare ni. Malam kuwa yana cikin waɗanda rigimar foliyo ta 2003 ta bar wa tabo a zuciya, shekara biyu ina magana yana cewa sai ya yi nazari. Bana da zan tafi sai na ga ya ɗauko hularsa, wai zai raka ni ne kawai saboda hanya. Aka yi mini, ina zaune ina cika minti 15 ɗina, sai na ga yana naɗe hannun babbar riga har kafaɗa. Mai shagon ya ɗauko auduga. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Dakata tukuna, ɗana. Wannan mai rai ce ko marar rai?"