Sabar da na tono daga sito ranar Juma'a

Har yau in na shiga sitonmu na hango tsohuwar sabar nan a ƙarƙashin karyayyun kujeru sai gabana ya faɗi. Na zare mata faifan ajiya, na manna mata takarda da jan biro cewa kada kowa ya kunna, duk da haka zuciyata ba ta yarda da ita ba. Kuma ba laifinta ba ne. Tana kwance abinta shekara uku ba ta taɓa kowa ba, ni na je na taso ta.

Aikin da aka ba ni ba wani mai wuya ba ne a takarda. DC biyu gare mu, wato sabobin da ke riƙe da Active Directory, kundin asusun ma'aikata da kwamfutocin domen ɗinmu, ɗaya a babban ofis a Kano, ɗaya a reshen Kaduna, dukansu Windows Server 2008 R2, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020. Da ƙyar oga ya saki kuɗin sabuwar saba. Na so in yi tsalle ɗaya zuwa 2025, sai na ga ita ba ta zama DC a domen da matakinsa bai kai na 2016 ba, don haka na tsaya a 2022. Na ɗora ta, na shigar da ita domen a matsayin saba ta gama-gari, saura a faɗaɗa sikima, wato tsarin da ke fayyace irin bayanan da kundin ke ɗauka, daga lamba 47 zuwa 88 sannan a naɗa ta DC. Na san tun daga 2012 manhajar naɗin kan yi adprep, wato aikin faɗaɗa sikimar, da kanta, amma ni na fi son in yi da hannu in ga abin da ke wucewa, domin abin da aka zuba a sikima ba ya gogewa. Iyaka dai a kashe aikinsa, yana nan daram.

Na buɗe support\adprep a faifan 2022, na buga adprep /forestprep. Ya ce ya kasa samun Schema Master, wato DC ɗin da shi kaɗai ke da ikon sauya sikima. Na ɗauka layin Kaduna ne ya tsinke kamar kullum. Sai na buga netdom query fsmo, umarnin da ya kamata a ce shi na fara bugawa tun kafin in rubuta wa oga takardar neman kuɗi. Shi ke nuna sabar da ke riƙe da kowace daga sarautu biyar na Active Directory. Uku suna kan sabar Kano, lafiya lau. Sauran biyun, Schema Master da Domain Naming Master, suna kan wani suna da ban taɓa ganin na'urarsa da idona ba.

Daga baya na gane yadda aka yi. Wanda na gada, lokacin da zai sallami tsohuwar sabar 2003, ya buɗe Active Directory Users and Computers ya miƙa abin da ya gani a can: RID, PDC da Infrastructure. Uku ne kawai ke bayyana a wurin. Ta huɗu tana cikin Domains and Trusts, ta biyar kuwa ba ka ma ganin ƙofarta sai ka yi rajistar schmmgmt.dll. Ya miƙa uku, ya kashe saba ba tare da ya sauke ta daga muƙamin DC ba, ya kai sito. Ban ga laifinsa sosai ba, don ni ma shekara biyu ina wurin ban lura ba. Rashin Schema Master ba ya hana kowa shiga kwamfuta ko buga takarda, sai ranar da za ka taɓa sikima.

To nan ne wayona ya yi mini yawa. Duk inda ka karanta, za a ce maka miƙa sarauta cikin lalama ya fi ƙwace ta da ƙarfi. Gaskiya ne, amma da sharaɗin mai sarautar yana raye kuma yana musayar bayanai da sauran. Ni na riƙe rabin maganar na watsar da rabin. Na ce ai sabar tana sito, me zai sa in yi ƙwace? Bayan an sauko daga Juma'a na sa yaron da ke taimaka mini muka ɗauko ta, muka kakkaɓe ƙura, muka jona wuta. Ta tashi. Batirin agogonta ya mutu, lokaci ya koma baya, da hannuna na gyara mata shi har da minti. Sannan na soka mata wayar netwok, cikin netwok ɗin da kowa ke aiki a kai. Wannan wayar ce har yau nake tunawa.

Na gwada miƙa sarautar, ta ƙi. Na duba repadmin /replsummary, ja ko'ina, ga kuskure 8614, ga Event 2042 a kan sabar Kano yana cewa an daɗe da yawa rabon da a yi musaya da wannan na'ura. Da na tsaya na karanta da natsuwa da na gane cewa ƙofa ce aka kulle da gangan. In ka goge abu a Active Directory ba ya ɓacewa nan take, ana ajiye alamar mutuwarsa na wani wa'adi, kwana 60 a tsofaffin tsari, 180 a na baya-bayan nan, don labarin ya kai ga kowane DC. Wanda ya yi barci fiye da wannan wa'adi ya rasa labarin har abada, yana ɗauke da mutanen da aka kora da kwamfutocin da aka zubar a matsayin rayayyu. Shi ya sa sauran ke ƙin karɓar komai daga gare shi. Tamu ba kwana 180 ta yi ba, ta haura dubu.

Ni kuwa na ce a bar ta ta kwana biyu, ƙila zuwa Litinin ta cim ma 'yan'uwanta. Na kulle ɗakin saba na tafi gida.

Litinin ƙarfe takwas da 'yan mintuna ina cikin cunkoson hanya wayata ta fara ƙara. Hajiyar da ke sashen kuɗi ce ta farko.

"Malam, kwamfutar nan ta ce ba ta san ni ba. Ga albashi yau za mu tura."

"Ki yi haƙuri Hajiya, ga ni nan tafe. Kada ki ƙara gwadawa."

Kafin in iso an kira ni ya fi sau goma. Abin da ya rikita ni, wasu sun shiga lafiya, na kusa da su sun kasa. Wani ya kasa, ya kashe ya kunna ya shiga, ya sake kunnawa ya kasa. Dalilin kuwa a fili yake ga wanda hankalinsa ke kwance. Sunan tsohuwar sabar bai taɓa fita daga DNS ba, wato inda kwamfutoci ke neman adireshin DC. Shekara uku kwamfutoci na sallama a ƙofarta ba amsa, sai su wuce gaba. Yanzu tana amsawa, wani lokacin ma ita ke riga amsawa. Kowace kwamfuta a domen tana sauya nata kalmar sirrin duk kwana 30, ita kuwa tsohuwa na riƙe da na shekara uku da suka wuce. Duk wadda ta faɗa hannunta sai saƙon nan ya fito cewa amanar da ke tsakanin kwamfuta da domen ta karye.

Yaron nawa, Allah ya yi masa albarka, ya riga ni isowa ya fara abin da na koya masa: cire kwamfuta daga domen, mayar da ita. Ya yi wa tara. Wasu daga ciki a kan tsohuwar sabar aka rubuta sabon sirrinsu, wato ranar da na kashe ta sai da muka sake yi musu daga farko. Ban iya yi masa faɗa ba. Da wane bakin?

Akwai minti biyar da nake jin kunyarsu fiye da komai. Cikin ruɗu na ci karo da shawarar a saka wani maɓalli a rajistar Windows mai suna Allow Replication With Divergent and Corrupt Partner, wai musaya za ta dawo. Na buɗe regedit, har na fara rubutawa. Kalmar Corrupt ce ta tsayar da hannuna. Da na ƙarasa, da na cire katangar da ke tsare kundinmu mai lafiya daga tarkacen shekara uku, ciki har da asusun ma'aikatan da aka sallama, waɗanda a can cikinta ba a taɓa rufe su ba. Na rufe regedit, na tashi na je na fizge wayar netwok ɗin. Cikin rabin sa'a, bayan kowa ya kashe ya kunna, ofis ya yi tsit.

Oga ya leƙo. "Me ya faru ne?"

"Ranka ya daɗe, kuskurena ne. Na tayar da abin da ya kamata in bari a kwance."

Bai ce komai ba, ya tambaya ko albashi zai fita. Ya fita, bayan la'asar.

Ƙwacen da na yi ta gudu bai ci minti biyar ba. Na ɗauki bakof na System State a kan DC biyun, na shiga ntdsutil, roles, na haɗa da sabar Kano, seize schema master, seize naming master. Ya fara gwada miƙawa cikin lalama, ya kasa, ya ƙwace. Shi ke nan. Sharaɗinsa ɗaya ne, wanda aka ƙwace wa kada ya sake dawowa netwok, don ba a sarki biyu a gari ɗaya. Sannan na goge sunanta daga cikin Domain Controllers, na share ragowarta a Sites and Services, na bi DNS lungu-lungu, musamman ƙarƙashin _msdcs, ina tsince ta. Sai da ta fita sannan aka yarda na ɗaga matakin domen da na forest daga 2003, wanda 2022 ke buƙatar ya kai aƙalla 2008.

SYSVOL ɗinmu ma, wato jakar fayilolin da duk DC ke rabawa, a kan tsohuwar hanyar kwafi ta FRS yake, kuma 2016 ce ta ƙarshe da ke karɓarsa. Don in sauya shi zuwa sabuwar hanya na bi dfsrmig mataki 1, 2, 3, ina duba /getmigrationstate har sai Kaduna ta amsa kafin in matsa. Na 3 ba ya komawa baya, kuma a lokacin an riga an koya mini haƙuri, kwana biyu na ba shi.

Ko ranar adprep ɗin sai da aka ɗan taɓa ni. An ɗauke wuta da dare, inbata ta gaza, sabar Kano ta sake tashi, layin Kaduna kuma bai dawo ba. Adprep ya ce Schema Master bai kammala musaya ko sau ɗaya ba tun da ya tashi, don haka ba zai taɓa sikima ba. Da a makon da ya wuce ne da na nemi hanyar zagayewa. Wannan karon na zauna na sha shayi har layi ya dawo, repadmin ya nuna sifili a wurin kuskure. Asusuna kuma ba ya cikin Schema Admins, na saka shi na manta sai na fita na sake shiga kafin izinin ya kama, wani kwata ɗin awa ya tafi a banza. Ka tabbata kana cikinta da Enterprise Admins da Domain Admins, in ka gama ka fitar da kanka daga ta farkon.

Na buga C don tabbatar wa adprep, na danna Enter, fayiloli suka yi ta wucewa daga sch48.ldf har sch88.ldf. Na duba objectVersion, wato lambar sikima, a Kano, 88. Na jira Kaduna ita ma ta nuna 88 kafin in yi /domainprep. Naɗin sabuwar sabar bai ba ni labarin da zan bayar ba.

Yanzu duk wanda ya kira ni ya ce zai ƙara DC, kafin ya gama bayani nake ce masa ya buga netdom query fsmo ya karanto mini sunaye biyar, kuma ya je ya ɗora hannunsa a kan kowace na'ura da aka ambata. In akwai wadda ba ya iya nunawa, ko ya same ta a sito, ya bar ta inda take. In dole sai ya ga abin da ke cikinta, ya kunna ba waya. Hajiya dai har yanzu in muka haɗu a matakala sai ta tambaye ni ko akwai abin da nake shirin gyarawa ranar Juma'a, don ta tura albashi tun Alhamis.